KALMAR WANNAN MAKON: KEEPING, kalmar da ta sa aka koro ni daga intabiyu

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda datarsu ba ta isa su saurari murya ba, da kuma masu son su kwafe misalan a littafinsu.

Yau kalma ɗaya tak za mu ɗauka, wato keeping. K, E, E, P, I, N, G. Na san wani zai ce haba, wannan ai tun firamare muka san ta, keep ajiyewa, keeping ana ajiyewa, shi kenan. To ni ma haka na ɗauka, har sai da ta ja min asara. Bari in fara ba ku labarin, sannan mu shiga darasi.

Bayan na gama bautar ƙasa na yi wata da watanni ina zaune a gida, ina ta tura takardun neman aiki ba amsa. Rannan sai ga saƙon imel daga wani kamfani a Kaduna, sun kira ni intabiyu. Murna kamar in yi tsalle. Amma a ƙasan saƙon akwai wata jimla da ta tsaya min a rai. Ga abin da suka rubuta:

"In keeping with our practice, candidates are to come with their original certificates."

Idona ya faɗa kan keeping, ya faɗa kan original certificates, sai kawai ƙwaƙwalwata ta haɗa lissafi: mutanen nan riƙe min takardu za su yi. Dama na sha jin labarin wuraren da ake karɓe wa ma'aikaci takardunsa na asali kamar jingina, in zai bar aiki a yi ta ja masa rai. Na nuna wa wani abokina, wanda shi ma Turancin nasa bai wuce nawa ba, ya ce, "Kai mutumina, kar ka kuskura. Ka tafi musu da hotokwafi kawai." Makaho ya ja makaho kenan.

Na ranci kuɗin mota a wurin yayata, na yi sammako daga Kano. Ina isa, matar da ke tantance mutane a bakin ofis ta ce ina na asalin? Na fara kame-kame, ina cewa ai ban yarda a riƙe min takardu ba. Ta dube ni da mamaki ta ce, wa ya ce za a riƙe? Dubawa kawai za a yi a miƙo maka abinka. Amma tunda ba ka zo da su ba, ba za ka shiga ba. Haka na juyo, ko ɗakin intabiyun ban gani ba.

Da na dawo na je wurin wani tsohon malaminmu na Turanci na sakandare, na nuna masa saƙon na ce, "Malam, don Allah duba min, ni ne ban gane ba ko su ne suka canza magana?" Ya karanta ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, ina ma ka zo kafin ka tafi. Babu maganar ajiya a nan ko kaɗan. Cewa suka yi, bisa al'adarmu, ko kamar yadda muka saba, masu neman aiki su zo da takardunsu na asali." Wallahi ranar na yarda rashin sani ya fi dare duhu.

To kun ji dalilin da ya sa na zaɓi wannan kalma. Fuska biyu gare ta, kuma ƙananan kalmomin da ke gefenta su ne suke gaya maka wacce fuskar ta juyo maka.

FUSKA TA FARKO: AJIYA, RIƘO, KULAWA

A nan keeping suna ce, ba aikatau ba. Tana nufin abu yana hannun wani, shi ke kula da shi, shi za a tambaya in ya ɓata. Yadda za ka gane ta shi ne za ka ga mai riƙon a jikinta: in my keeping, in her keeping, in his father's keeping, ko kuma in the keeping of wane. Ga misalai:

"I left the shop keys in Musa's keeping."
Na bar makullan shago a hannun Musa.

"The land documents are in the keeping of our eldest brother."
Takardun filin suna wurin babban yayanmu, shi ke ajiye da su.

"The children were left in their grandmother's keeping."
An bar yaran a hannun kakarsu, ita ke riƙonsu.

Ku lura da abu ɗaya a duk misalan nan uku. Musa ba shi ne mai shagon ba. Babban yaya ba shi kaɗai ke da filin ba. Abin yana hannunsu ne, amma ba mallakarsu ba ne. Wato akwai ƙanshin amana a cikin kalmar. Idan Bature ya ce abu yana in your keeping, yana nufin ranar da aka zo nema kai za ka fito da shi lafiya lau. Shi ya sa in ka bar abu in the keeping of mutumin da ba shi da gaskiya, mu a Hausa sai mu ce ka ba kura ajiyar nama.

Daga nan ne aka samu safekeeping, wato safe da keeping aka haɗe. Ita ce ma za ku fi ji a maganar yau da kullum. Kusan kullum da for take tafiya:

"She gave her gold earrings to her mother for safekeeping."
Ta ba mahaifiyarta ajiyar 'yan kunnenta na gwal.

Kun ga a Hausa kalma ɗaya ta wadatar, ajiya. Ba ta ba ta kyauta ba, ba ta ba ta aro ba, ajiya ta ba ta. To wannan shi ne for safekeeping. Gaskiyar magana, in my keeping ta ɗan yi nauyi, ta fi zama a rubutu, a wasiƙa, a wasiyya, a littafin labari. In kana hira da abokinka ce masa za ka yi "I have it" ko "It's with me". Amma dole ka san ta, don za ka gamu da ita a takarda, kuma takarda ita ce ke ɗaure mutum.

TO MENE NE BAMBANCINTA DA CUSTODY?

In ka buɗe ƙamus na Turanci ka duba keeping, cikin kalmomin farko da zai ba ka akwai custody. Suna kusa, amma kama da wane ba ta wane.

Custody daga Latin ta fito, daga kalmar custos, wato mai gadi. Ita kalmar hukuma ce, kalmar kotu da 'yan sanda da banki. Keeping kuwa 'yar gida ce, daga tsohon Turanci ta taso. Tushenta wani aikatau ne da ake rubuta shi cepan kimanin shekara 1000 da suka wuce, mai ma'anar kamawa, riƙewa, da sa ido a kan abu. Turanci cike yake da irin waɗannan tagwayen, musamman tun bayan shekarar 1066 da Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, harshen fada da na shari'a ya koma Faransanci da Latin, talaka kuma ya ci gaba da harshensa a gida da gona. Shi ya sa sau da yawa abu ɗaya yake da suna biyu, na gida da na ofis.

Mu ma ai muna da irin wannan. A gida cewa muke riƙon yaro, wance ce ke riƙonsa. Amma in magana ta kai gaban alƙali ko malaman fiƙihu sai ka ji ana cewa hadana, kalmar Larabci. To keeping kamar riƙo ce, custody kamar hadana.

Saboda haka akwai wuraren da ba za ka musanya su ba. Idan 'yan sanda sun kama mutum, he is in police custody, yana tsare a hannun 'yan sanda. Ba a cewa in police keeping. Wannan custody ɗin ce sashe na 35 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sa wa iyaka, inda ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Haka kuma tun dokar 2019 da ta canza sunan hukumar gidajen yari zuwa hukumar gyaran hali, a takardun gwamnati gidan yari ya koma custodial centre. Kun ji custody a ciki. Idan aure ya mutu kotu ta ba uwa riƙon yara, she was granted custody of the children. Nan ma custody ce, saboda alƙali ne ya yanke.

Amma in tafiya za ka yi ka bar wa ƙanwarka kyanwarka, ka ce the cat is in her custody, Bature zai yi dariya, sai ka ce kyanwar ta yi laifi an kama ta. Nan keeping ko care ce ta dace. A taƙaice dai: in akwai hula da kaki ko rigar alƙali a maganar, custody. In amana ce tsakanin mutum da mutum, keeping.

FUSKA TA BIYU: DACEWA, JITUWA

Yawwa, yanzu mun zo inda na faɗi. Idan kuka ga kalmomi ukun nan a jere, in keeping with, to ku manta da ajiya gaba ɗaya. Ma'anarsu ita ce daidai da, bisa ga, ya dace da, ya yi daidai da. Ƙamus zai ce maka harmony ko conformity, wato abu biyu sun jitu, ɗaya bai saɓa wa ɗaya ba.

Hanya biyu ake amfani da ita. Ta farko a farkon jimla, don a faɗi dalilin da ya sa ake yin abu:

"In keeping with tradition, the Emir rode out the day after Sallah."
Bisa al'ada, Sarki ya yi hawa washegarin sallah.

"In keeping with the new policy, all payments must be made through the bank."
Bisa sabon tsari, duk wani biyan kuɗi ta banki za a yi shi.

"In keeping with his father's wishes, he studied medicine."
Ya karanta likitanci kamar yadda mahaifinsa ya so.

Irin wannan ce ta cika wasiƙun ofis, sanarwar makaranta, jawabin gwamna, da labaran jarida. Duk wanda zai nemi aiki ko gurbin karatu ko tallafin karatu a waje sai ya ci karo da ita.

Hanya ta biyu a tsakiyar jimla, bayan is ko was, don a ce abu ya dace da wani abu:

"Her dress was in keeping with the occasion."
Shigarta ta dace da taron.

"The new gate is in keeping with the old city wall."
Sabuwar ƙofar ta yi daidai da tsohuwar ganuwa, ba ta fita daban ba.

Kishiyarta kuma ita ce out of keeping with, ko not in keeping with:

"His jokes were out of keeping with the mood at the condolence visit."
Barkwancin da ya riƙa yi bai dace da zaman makoki ba.

"That behaviour is not in keeping with his character."
Wannan ba halinsa ba ne.

Ku dubi na ƙarshen nan da kyau. Ba cewa aka yi mutumin banza ne ba. Cewa aka yi abin da ya yi bai yi kama da shi ba. Kuma ku sani, idan shugabanka a wurin aiki ya rubuto maka cewa your conduct is not in keeping with our values, to ba yabo ba ne, gargaɗi ne cikin lafazi mai laushi. Turancin ofis haka yake, sai a mare ka da auduga. Ka tashi ka gyara tun kafin takarda ta biyu ta iso.

Mu Hausawa muna da karin maganar da ta kama wannan ma'ana tsaf: ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Ƙwarya da ƙwarya, in keeping. Ƙwarya da akushi, out of keeping.

YA AKA YI KALMA ƊAYA TA ƊAUKI MA'ANA BIYU HAKA?

Wannan tambayar ta daɗe tana damuna, don a ido babu abin da ya haɗa ajiya da dacewa. Ashe amsar tana wurin masu zane.

A ƙarni na 18, masu zanen hoto da fenti a Ingila suna amfani da keeping a matsayin kalmar sana'arsu. Ka ɗauka mutum zai zana gona, ga bishiya a kusa, ga dutse can nesa. Dole bishiyar kusa ta fito da girma da kala mai ƙarfi, dutsen nesa ya ƙanƙance, kalarsa ta dusashe. Idan mai zane ya riƙe kowane abu a matsayinsa, na kusa a kusa, na nesa a nesa, haske da duhu kowa a inda ya kamata, sai a ce zanen yana da keeping. Masu zanen ƙasar Holan na ƙarni na 17, zamanin su Rembrandt, suna da tasu kalmar ta wannan abu, houding, daga aikatau houden, wanda shi ma riƙewa yake nufi.

Ku tuna zanen da ake yi a bayan manyan motoci. In ka ga an zana mafarauci can nesa amma ya fi zakin da ke gabanka girma, ko ba ka san zane ba idonka zai gaya maka akwai abin da bai zauna ba. To wannan shi ne out of keeping na asali. Daga ɗakin masu zane maganar ta fito ta shiga bakin kowa, aka koma faɗinta a kan sutura, gini, hali, da magana.

Kun ga ashe jijiya ɗaya ce. A fuska ta farko, mutum ne yake riƙe da abu don kar ya ɓata. A fuska ta biyu, abu ne yake riƙe da matsayinsa a cikin 'yan uwansa don kar tsari ya ɓaci. Duk riƙo ne.

Abin da ya ƙara burge ni, ita kanta harmony tushenta kusan haka ne. Daga Girkanci ta fito, harmonia, kuma asalin ma'anarta haɗa abu biyu su zauna daram, kamar yadda kafinta yake haɗa katako da katako. Daga baya ne ta koma kalmar kiɗa da zaman lafiya.

Kuma in kun duba, Hausa ma ta yi irin wannan tafiyar da kalmar riƙo. Muna cewa riƙon yaro, ɗan riƙo, riƙon amana, shugaban riƙon ƙwarya, duk wannan abu ne a hannunka wanda ba naka ba. Sannan muna cewa wane yana da riƙo da al'ada, ko riƙo da addini, wato aikinsa yana tafiya daidai da su. Kalma ɗaya, fuska biyu, kuma ba mu taɓa rikicewa ba, saboda ƙaramar kalmar nan da ita ce ke raba mana gardama. To haka with take yi a Turanci. Riƙon abu daban, riƙo da abu daban. In his keeping daban, in keeping with daban. In kun riƙe wannan kaɗai a shirin yau, kun ci riba.

KURAKURAN DA NA FI GANI

Na ɗaya, canza with da wata kalma. Ina ganin masu rubuta in keeping to, ko in keeping of the rules. A'a. In ma'anar dacewa kake nufi, with ce kawai. Abin da ke rikita mutane shi ne akwai keep to, kamar keep to time, kiyaye lokaci, ko keep to the rules, bin doka. Wannan aikatau ne, gidansa daban.

Na biyu, cusa the a tsakiya. In ka ce in the keeping with, ka haɗa fuska biyu ka ɓata duka. The tana shiga ne a ta ajiya kawai: in the keeping of. Ta dacewa ba ta ɗaukar the.

Na uku, rikita ta da keeping up with. Ƙaramar up ɗin nan ta canza komai. Keeping up with na nufin bin sawu, kar a bar ka a baya. "I am keeping up with the news", ina bibiyar labarai. "Salaries are not keeping up with prices", albashi ya kasa kamo farashin kaya. Wannan kam ba sai na fassara muku da yawa ba, kowa yana ji a jikinsa.

Na huɗu, ɗaukar kowace keeping a matsayin suna. Sau da yawa aikatau ce kawai mai ci gaba. "I am keeping the receipt", ina ajiye da rasit ɗin. "You are keeping me waiting", ka shanya ni. Kuma in wani dattijo daga Birtaniya ko Ayalan ya ce maka "How are you keeping?", ba tambayarka yake me ka ajiye ba, gaisuwa ce, ya jiki, ya kwana biyu. Ka ce "I'm keeping well, thank you."

Akwai kuma wadda mu 'yan Najeriya muka saba da ita, keeping malice, wato gaba. A nan gida kowa zai gane ka. Amma in da Ba'amurke ko Baturen Ingila kake magana, ko kana rubuta jarrabawa irin IELTS, ka ce holding a grudge, ko they are not on speaking terms.

Na biyar, furuci. Wannan namu ne mu Hausawa, kuma ni ma ban tsira ba. Harshenmu bai raba P da F ba, shi ya sa in ba mu kula ba keeping sai ta fito kifin, kamar za ka ce kifin Argungu. Ka haɗe leɓɓanka biyu su rufe ruf, sannan ka sake su da ɗan iska: P. Wasalin farko kuma dogo ne, kii. Ƙarfin murya a gaɓar farko yake. Ku gwada sau biyar yanzu, ko da a cikin adaidaita kuke, ba wanda zai kama ku.

'YAN UWANTA

Da zarar ka gane cewa keeping riƙo da kulawa ce, sai wasu kalmomi da yawa su buɗe maka da kansu. Bookkeeping, riƙe littafin shige da ficen kuɗi. Af, ita wannan tana da wani abin sha'awa, haruffa biyu-biyu har sau uku a jere, OO, KK, EE, don haka kar ku yar da K ɗaya in kuna rubutawa. Housekeeping, kula da gida ko ɗakunan otal. Beekeeping, kiwon zuma. Timekeeping, kiyaye lokaci. Record-keeping, adana bayanai. Goalkeeping, tsaron raga, aikin gola kenan. Gatekeeping, asalinta tsaron ƙofa, amma yanzu a soshiyal midiya za ku ga ana faɗa wa wanda ya san hanyar samun wani alheri ya ƙi nuna wa kowa, ko mai yanke wa mutane wa ya isa shiga wa bai isa ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce peacekeeping, abin da gidajen rediyo suke fassarawa da aikin wanzar da zaman lafiya ko kiyaye zaman lafiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara irin wannan aiki a 1948 a Gabas ta Tsakiya, kuma dakarunta sun samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1988. Sojojin Najeriya sun je Kwango a 1960, shekarar da muka samu 'yancin kai, sannan suka jagoranci rundunar ECOMOG da ta shiga Laberiya a 1990. A kalmar nan fuskokin biyu sun haɗu wuri guda: an ba ka ajiya, kuma abin da aka ba ka ajiyar shi ne jituwar mutane.

IN KANA SO KA CANZA KALMA

Ba dole sai in keeping with ba. Akwai in line with, ita ta fi sauƙi kuma ta fi yawo a jaridunmu. Akwai consistent with, ta masu bincike da likitoci. Akwai in accordance with, ita kuma ta fi tsauri, ta doka ce da yarjejeniya. Bambancin shi ne, in accordance with tana nufin an bi ƙa'ida a rubuce, layi bayan layi. In keeping with ta fi kusa da ruhin abu, yanayinsa, al'adarsa. Za ka biya haraji in accordance with the law. Amma za ka sa farar shadda ranar idi in keeping with the occasion, ba wata doka da ta tilasta maka, dacewa ce kawai.

GA YADDA ZA KU RIƘA GANEWA CIKIN SAURI

Duk inda kuka ga keeping, ku dubi abin da ke bayanta da gabanta. In with ce ta biyo ta kai tsaye kuma in ce a gabanta, ku fassara da bisa ga ko ya dace da. In kun ga my, his, her, their, ko sunan mutum a gabanta, ko of a bayanta, ku fassara da a hannun wane. In kun ga am, is, are a gabanta ba tare da in ba, aikatau ce. Da na san wannan a wancan lokacin, da sakan biyar ya ishe ni in gane saƙon nan.

Kuɗin motar yayata kam na biya ta daga baya, da kyar. Aikin kuma wani ya samu, dama rabonsa ne. Amma tun daga ranar na ɗaukar wa kaina alkawari: duk takardar da ta shafi aiki, kuɗi, fili ko makaranta, in akwai jimla ɗaya da ban tabbatar da ita ba, ba zan yi aiki da zato ba, kuma ba zan tambayi wanda muke jirgi ɗaya da shi ba. Zan nemi wanda ya fi ni sani. Matambayi ba ya ɓata.

AIKIN GIDA

Ku fassara waɗannan zuwa Hausa, ku faɗi wace fuska ce a kowacce:

1. "The mosque's generator is in the keeping of the youth committee."
2. "In keeping with our promise, we have reduced the fees."
3. "The loud music was out of keeping with the neighbourhood."

Sannan ku mayar da wannan zuwa Turanci: Na ba kawuna ajiyar takardun makarantata, kamar yadda mahaifiyata ta so. Ku lura, fuskokin biyu duk suna cikin wannan jimla ɗaya.

Ku ajiye amsoshinku a ƙasa, zan bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma a farkon shiri na gaba zan karanto waɗanda suka fi dacewa. Kar kowa ya ji kunyar kuskure, kun dai ji nawa, har Kaduna na kai shi. In kuna da ƙani ko ƙanwa da ke neman aiki a yanzu, ku tura musu wannan.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.